Daga Madubin Amarya Zuwa Gilashin Da Ba A Gani: Tarihin Gilashin Firam A Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Akwai abubuwa da dama da muke gani kullum a gidajenmu, amma ba mu taɓa tsayawa muka tambayi asalinsu ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne gilashin nan da ake rufe hoto da shi a cikin firam. Duk wanda ya taɓa shiga zauren wani basarake, ko ofishin hakimi, ko falon wani alhaji a Birnin Gwari ko Zariya ko Kano, ya ga hotuna a rataye, ya kuma san abin da yakan faru in mutum ya matsa kusa don ya duba fuskar marigayi sarki ko ya karanta ayar da aka rubuta. Sai ya ga tasa fuskar da hularsa, da ƙofar zauren a bayansa tana ta haske, abin da ya zo gani kuwa ya ɓace. Sai ya karkata kai hagu, ya karkata dama, ya sa hannu ya tare haske kamar mai duban wata.

A wannan ɗan rubutu ina so in bi sawun wannan matsala tun daga tushenta, watau yadda gilashi ya shigo ƙasar Hausa, da yadda aikin da muke nema ya yi mana ya juye, da yadda Turawa suka ƙago gilashin da ba ya mayar da haske, sa'an nan in faɗi ra'ayina game da wurin da ya cancanci a kashe kuɗi a kansa da wurin da bai cancanta ba. Kada mai karatu ya ɗauka wannan zancen kafintoci ne kawai. Mu ɗaliban Hausa da na tarihi, rabin abin da za mu yi nazari a kansa nan gaba yana rataye a bangon mutane, rana tana cinsa.

Kalmar kanta

Bari mu fara da abin da muka fi sani, watau harshe. Kalmar madubi an gina ta ne daga aikatau duba, da ɗafa-goshi ma- da ɗafa-ƙeya -i, kamar yadda aka gina mabuɗi daga buɗe, da masassabi daga sassabe. Ke nan madubi abin dubawa ne. Har gobe za ka ji dattijo ya ce madubin ido, ko madubin mota, ko madubin taga, alhali ba ɗayansu da aka yi don mutum ya ga fuskarsa. Kalmar gilashi kuwa baƙuwa ce, daga Ingilishi muka aro ta, ita da firam da hoto duk zuwansu ɗaya. Wannan ya nuna mana cewa Bahaushe ya fara sanin shimfiɗaɗɗen gilashi ne a matsayin abin da yake mayar wa mutum da kamanninsa. Ƙyallin shi ne darajarsa. Sai daga baya aka zo ana neman gilashi ya yi kishiyar wannan aiki, ya tsaya a gaban hoto ya tsare shi, amma ya yi kamar ba ya nan.

Kafin zuwan jirgin ƙasa

Ba gaskiya ba ne a ce mutanen wannan yanki ba su san sarrafa gilashi ba sai da Bature ya zo. Masu haƙar kayan tarihi sun gano a Igbo Olokun da ke Ile-Ife cewa ana dafa gilashi a can ana yin duwatsun ado da shi tsakanin ƙarni na 11 da na 15. Kusa da mu kuma, a Bida ta ƙasar Nufe, akwai unguwar Masaga, inda ake narka gilashi ana yin awarwaro da tsakiya. Masaga suna cewa kakanninsu daga Masar suka taso. A da can da kansu suke haɗa ɗanyen gilashi daga yashi da kanwa, daga baya da kwalabe suka yawaita sai suka koma narka su. Bajamushen nan Leo Frobenius ya gan su a 1911, S. F. Nadel kuma ya yi bayaninsu a littafinsa na ƙasar Nufe wanda ya fito a 1942. Fataken Hausa sun daɗe suna ɗaukar kayan Bida zuwa kasuwannin arewa. To, amma duk wannan gilashin ado ne, mai launi, na wuya da hannu. Shimfiɗaɗɗe, garai-garai, wanda za a leƙa ta cikinsa, ba a yinsa a nan.

Shi wannan ta Sahara yake zuwa, a kan raƙumi, shi ya sa ba ya zuwa sai ƙanana. Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya zauna a Kano a farkon 1851, ya kuma lissafa kayan Turai da ya gani a kasuwa. A cikinsu akwai duwatsun ado na Fenis, da takubban Solingen, da allurai da madubai daga Nurambag ta Jamus, da kuma takarda mai tambarin wata uku. Ina so mai karatu ya riƙe waɗannan biyu na ƙarshe, madubi da takarda, don ayari ɗaya ya kawo su daga Tarabulus, amma sai da aka yi shekaru masu yawa kafin wani ya yi tunanin ɗora ɗaya a kan ɗaya.

Madubin ya tafi ɗakin mata. Ya shiga kayan lefe, ya shiga jere tare da tasoshi da fantekoki, dukawa suka yi masa kube na fata. Takardar kuwa ta tafi wurin malamai. Irin wannan takarda mai wata uku a arewacin Italiya ake yinta, kuma da yawa daga cikin littattafan zamanin jihadi da bayansa a kanta aka rubuta su. Yadda malamanmu suka adana ta abin a tsaya a duba ne. Ba su ɗinke ta ba, ba su manna ta da komai ba. Warwara suke barinta, a sa tsakanin tadarishi, a ɗaure, a zura a gafaka, a rataye a ƙarƙashin rufi ko a sa a adaka. Watau takarda tana zaune cikin duhu, ba ta ganin haske sai sa'ad da za a karanta ta. Ko sun san dalilin a kimiyyance ko ba su sani ba, abin da masana adana kayan tarihi suke faɗa yau ke nan. Don haka ne za ka buɗe Alƙur'ani rubutun hannu na shekara ɗari da hamsin ka tarar da jan wasali da rawayan hamza suna nan da ransu, alhali kalandar bara da ke bangon shago ta riga ta koɗe.

Abin da ake nunawa a fili shi ne allo. Allon zayyana da ake yi wa yaro ranar saukar karatu, da zanensa na ja da kore da rawaya, shi ne kusan abin da ya fi kama da hoton bango a al'adarmu ta da. Shi kuwa itace ne, ba ya bukatar gilashi.

Jirgi, kanti da mai hoto

A 1911 layin dogo ya iso Kano. Abin da raƙumi ba ya iya ɗauka, tarago ya ɗauka: kwanon rufi, siminti, da akwatunan gilashin taga a cikin ciyawa. Kantunan Turawa irin su John Holt da Kamfanin Neja, wanda ya narke cikin U.A.C. a 1929, suka baza shi. A wannan zamani kuma na'urar ɗaukar hoto, wadda aka bayyana ƙirƙirarta a Faransa tun 1839, ta zama abin gani a garuruwanmu. Da fari Turawan mulki da 'yan mishan ne suke ɗauka, sa'an nan masu hoto daga kudu da gaɓar teku suka kafa shaguna a sabon garin Kano da Zariya da Kaduna da Jos. Sarakuna ne suka fara sabawa da ita. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya je Makka da Ingila a 1921, yana cikin waɗanda hotunansu suka fi yawa. Da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939, sai talaka ma ya saba da ganin fuskar manya a takarda. Hawan daba da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956, da siyasar N.P.C. da NEPU, suka cika gidaje da hotunan Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano, kowa da gwaninsa.

Ba kowa ne ya yi na'am ba. Malamai sun yi ta muhawara a kan hukuncin sura da hoto, har yanzu ma ba a rufe bakin zancen ba. Gidajen da suka ƙi hoton mutum sai suka rataye Ayatul Kursiyyu, ko sunayen Allah, ko hoton Ka'aba da na masallacin Madina da alhazai suke zuwa da shi tsaraba. 'Yan ɗariƙa kuma suka rataye shehunansu, musamman Shehu Ibrahim Inyas. A Senigal abin ya haifi sana'a sukutum, inda masu zane suke zana shehunai a bayan gilashin kansa, a juyo shi a kalla ta gaba. Mu ba mu bi wannan hanya ba. Mun tsaya a kan takarda a baya, gilashi a gaba, katako a gefe.

Birnin Gwari fa? Jirgin ƙasa bai bi ta can ba, ya bi ta Zungeru da Minna ya haura Kaduna. Hanyar mota ce ta haɗa garin da duniya, wadda ta taso daga Kaduna, tafiyar kimanin kilomita 120, ta wuce Tegina da Kwantagora. Duk gilashin da ya shiga garin a bayan mota ya shiga, ya sha gargada. Abin da ƙasar take da shi nata shi ne itace. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe a matsayin gandun daji na En'e a 1936 aka kuma ɗaga shi zuwa gandun ƙasa a 1999, dajin doka ne da maje da taura da kaɗanya da ɗorawa, ga maɗaci a bakin rafuka. Kafinta bai rasa abin da zai fafe firam da shi ba. Gilashin kuwa ba wanda ya zaɓa, ragowar na taga ake yankowa.

Me ya sa gilashi yake ƙyalli?

A nan sai malamanmu na kimiyya su yi mini haƙuri, zan shiga gonarsu da fartanyar aro. Duk sa'ad da haske ya bar iska ya shiga gilashi, wani ɗan kaso nasa ba ya shiga, dawowa yake yi. Bafaranshe Augustin Fresnel ne ya fitar da lissafin wannan wajen 1823. Ga gilashi na yau da kullum, in haske ya faɗo masa kai tsaye, kimanin kashi 4 cikin 100 yake dawowa daga fuskar gaba, wani kashi 4 daga fuskar baya, jimla wajen kashi 8. In ta gefe hasken ya zo, abin da yake dawowa ya fi haka nesa ba kusa ba.

Mutum zai ce, kashi 8 ɗin me? Ai 92 sun wuce. To, ga inda gizo yake saƙar. Zauren Bahaushe duhu gare shi, tagoginsa ƙanana ne ko babu, haskensa daga ƙofa yake zuwa. Waje kuwa rana ce tsaka, wadda ta ninka hasken cikin ɗaki sau ɗaruruwa. In aka rataye hoto yana fuskantar ƙofa, kashi 8 na wannan ƙofa mai haske ya fi ƙarfin duk ɗan hasken da yake fitowa daga hoton. Wurin da ya fi duhu a hoton shi ya fi shan wahala, don ba shi da hasken da zai yi kokawa da ƙyallin. Menene ya fi duhu a hoton sarki? Fuskarsa. Farin rawani da farar alkyabba suna nan ana gani, baƙar fuskar da ke tsakiya ita ce take zama madubi. Don haka wannan matsala ta fi damun hotunanmu bisa ga na farar fata, ko da yake ban ji masu sayar da firam suna kawo wannan a lissafi ba.

Iyayenmu sun sami dabararsu ba tare da Fresnel ba. Duba tsofaffin gidaje, za ka ga ana rataye hoto can sama kusa da rufi, a kafa gindinsa a kan ƙusa biyu, a saki kansa da igiya ya sunkuyo gaba. In firam ya sunkuya, abin da gilashin yake mayarwa idon mai kallo shi ne daɓen ɗaki, shi kuwa daɓe duhu ne. Ba sisin kwabo aka kashe ba, rabin ciwon ya warke.

Yadda aka ɓatar da gilashi

Turawa ma sun sha wannan ciwon kai. A tsakiyar ƙarni na 19 hayaƙin gawayi ya dame iskar Landan, har zane-zanen da ke babban gidan ajiye zane na ƙasa suka fara baƙi. A 1850 aka naɗa kwamiti, cikinsa har da masanin kimiyya Michael Faraday, ya ba da shawarar a rufe zanen da gilashi. Aka tsare su daga ƙura, amma masu kallo suka koma ganin kansu a cikin zanen da suka zo gani.

Maganin bai fito daga masu firam ba, daga masu yin tabarau da madubin hangen nesa ya fito. A 1886 Lord Rayleigh ya lura da wani abin mamaki: tsohon gilashin da fuskarsa ta ɗan dafe saboda daɗewa ya fi sabo fil barin haske ya wuce. Wani Ba'ingile mai suna Dennis Taylor ya nemi tsofar da gilashi da gangan ta hanyar magunguna, ya yi rajistar dabarar a 1904, sai dai ba ta cika ba da sakamako iri ɗaya ba. A 1935 Alexander Smakula na kamfanin Zeiss a Jamus ya gano yadda za a shimfiɗa wa gilashi wani shafi siriri ƙwarai a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska. Sojan Jamus suka mai da abin sirri, don yana ƙara wa madubin hangen nesa gani. A Amurka kuma wata mace, Katharine Blodgett, mace ta farko da ta sami digirin dakta a kimiyyar fiziya daga Jami'ar Kambirij, ta nuna nata gilashin a 1938 a kamfanin General Electric. Ta jera shafi 44 na wani abu dangin sabulu, jaridu suka yi ta kiransa gilashin da ba a gani. Nata shafin laushi gare shi, hannu yana goge shi, amma ya nuna hanya.

Yadda abin yake aiki kuwa, haske tafiya yake yi kamar igiyar ruwa, da tudu da kwari. In aka yi wa gilashi shafi, haske zai dawo daga wuri biyu, daga saman shafin da kuma ƙasansa. In kaurin shafin ya zama daidai rubu'in tsawon igiyar, sai tudun wannan ya faɗa cikin kwarin wancan, su kashe juna, hasken da zai dawo ya wuce ciki abinsa. Kaurin da ake magana bai fi kashi ɗaya cikin dubu goma na milimita ba, watau gashin kai ya ninka shi sau ɗaruruwa. Da yake kowane launi da tsawon igiyarsa, shafi ɗaya ba ya kashe duka, shi ya sa na zamani ake jera shafi da yawa a fuska biyun. Da haka ƙyallin yake sauka daga kashi 8 zuwa ƙasa da kashi 1. Ɗan abin da ya rage yakan fito kore-kore ko shuɗi-shuɗi, irin wanda muke gani a tabarau na likita da idon kyamara. Wannan ma ita ce hanyar gane shi a shago: ɗaga shi ka dubi inuwar ƙwan lantarki a cikinsa, in fari ne tas, gilashin taga ne ko me mai shago ya ce.

Shimfiɗaɗɗen gilashin kansa bai yi arha ba sai bayan 1959, sa'ad da kamfanin Pilkington na Ingila ya bayyana dabarar zuba narkakken gilashi a kan narkakkiyar kuza, ya kwanta sumul ba sai an goge ba. Daga baya kamfanoni irin su Schott a Jamus da Tru Vue a Amurka suka shiga yin manyan falle masu shafi musamman don firam da gidajen tarihi.

Iri biyu da ake rikitawa

Akwai wani gilashi da ake sayarwa da sunan marar ƙyalli wanda ba shi ne wannan ba. Shi an ɗan cinye fuskarsa ne da ruwan asid ta yi kaushi, sai hasken da ya dawo ya watse maimakon ya taru ya zama sura. Ba ka ganin fuskarka, gaskiya ne, amma hasken bai ragu ba, ya zama hazo ne a kan hoton. Baƙi ya koma toka-toka, ƙananan rubutu su dushe, kuma gwargwadon nisansa da takardar gwargwadon dushewar. Masu firam kan danna shi a jikin hoton don ya fito sosai, wannan kuwa shi ne babban laifi a ƙasa irin tamu.

Dalili shi ne damina. Daga Mayu zuwa Oktoba iskar Birnin Gwari a jiƙe take. Fuskar hoton da aka wanke a shago tana da wani shafi mai kama da ƙaro, wanda yakan yi laushi in ya sha raɓa. In yana manne da gilashi sai ya kama shi, rani ya zo ya bushe a haka. Ranar da aka zo ɗagawa, fuskar kaka ta bi gilashi, takarda ta rage fara. Tawadar malamai ma da ƙaro ake haɗa ta, ita ma haka take yi. Saboda haka kowane irin gilashi aka sa, wajibi ne a bar 'yar tazara tsakaninsa da takarda, a kewaye hoton da kwali mai kyau wanda zai ɗaga gilashin. Shi gilashi mai shafi ba ruwansa da tazara, garau yake ko an matsar da shi. Wannan ita ce fifikonsa na gaskiya a kan mai hazo.

Akwai kuma na roba, wanda ba ya fashewa, ga sauƙin ɗauka. Ga hanya irin ta Birnin Gwari wannan ba ƙaramin abu ba ne. Aibinsa shi ne yana karcewa, kuma in an goge shi yana jawo ƙura kamar yadda matajin roba yake jan gashi. Mai hunturu a gabansa sai ya yi tunani. Zanen da aka yi da gawayi ko alli kuwa, robar tana iya tsotse garin daga jikin takardar.

Abin da gilashi ba ya iyawa

Kuskuren da na fi jin tsoro shi ne mutum ya sayi gilashi mai tsada ya ɗauka ya gama tsare hotonsa. Kashe ƙyalli daban, tare ɓarnar haske daban. A cikin hasken rana da na dogon ƙwan lantarki akwai wani ɓoyayyen haske da ido ba ya gani, wanda masana suke kira ultarabayolet. Shi ne kan gaba wajen koɗar da launi da mai da takarda ja ta yi ƙamas. Gilashin taga yana tare wani sashe nasa, ya bar sauran ya wuce. Akwai gilashin da aka yi wa wani shafi dabam da yake tare har kashi 99 nasa, wanda ya haɗa shafin nan biyu kuma shi ake kira gilashin gidan tarihi. Wani marar ƙyallin ba shi da wannan kariya sosai, sai an tambaya.

Ko an tare ɓoyayyen hasken duka, wanda ido yake gani ma yana ci, a hankali. Garry Thomson, a littafinsa na 1978 kan yanayin gidajen tarihi, ya yaɗa ƙa'idar da har yanzu ake bi, cewa takarda da tufa da zanen ruwa kada haskensu ya wuce laks 50. Ranar tsaka a fili tana kai laks 100,000. Ɓarnar kuma taruwa take yi, abin da ya koɗe ba ya dawowa. Hotuna masu launi na shekarun 1970 da 1980, waɗanda yanzu suka koma ja-ja a gidajen iyayenmu, rininsu ne yake mutuwa, zafi yana taya shi, wasu ma ko a cikin akwati suke. Baƙi-da-fari na zamanin En'e, da yake da azurfa aka yi surarsu, sun fi su ƙarko.

Sa'an nan ga abokan gaba ta baya. Kwalin sabulu ko falankin da ake toshe bayan firam da shi yana fitar da tsami da yake ƙona takarda. Gara da kyankyaso da fumfuna duk ta nan suke shiga, musamman in an jingina firam da bangon ƙasa mai danshi. Ba ɗayansu da ya san farashin gilashin da ke gaba.

Wa ya kamata ya saya?

Gilashi mai shafi daga waje ake kawo shi, kuɗinsa ya ninka na taga sau da yawa, kuma gogarsa sai da ƙyalle mai laushi, don yatsa yana barin tabo a kansa fiye da na taga. A ganina bai dace da kalanda ko hoton biki da za a iya sake wankowa ba. Wannan a sa na taga, a bar tazara, a kauce wa ƙofa, a sunkuyar da shi irin na iyayenmu. Inda ya cancanta shi ne inda jama'a suke zuwa musamman don su gani, abin kuma yana da duhu ko ƙananan rubutu: fadojin sarakuna, da wurare irin su Gidan Makama a Kano, da Gidan Arewa a Kaduna wanda aka kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna, da gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, da aikin manyan marubuta Alƙur'ani irin su marigayi Sharif Bala Gabari na Kano. Ɗalibin da ya zo karanta wasiƙar ajami a bayan gilashi yana bukatar ya bambance ɗigo ɗaya da ɗigo biyu, ƙyalli ko hazo kuwa ba za su bar shi ba.

Abin da babu irinsa kuma, kamar wasiƙar sarki mai hatimi, ko hoto ɗaya tilo na wani hakimi, ko shafin Alƙur'ani na kakanni, ni ban ga dalilin rataye shi ba sam, ko da wane gilashi. A ɗauki hotonsa da kyau, a buga kwafi, a rataye kwafin. Asalin ya koma tadarishi da gafaka, inda ya kwana shekara ɗari lafiya.

Wannan magana ta fi nauyi a Birnin Gwari bisa ga sauran wurare. Ƙasar ta sha hare-haren Kwantagora a ƙarshen ƙarni na 19, sa'an nan a zamaninmu 'yan bindiga suka mamaye dajin shekara da shekaru, hanyar Kaduna ta zama abin tsoro, ƙauyuka da dama suka watse. Sai a Nuwamban 2024 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi sulhu da wasu daga cikinsu, aka sake buɗe kasuwar shanu ta garin. Mai gudun tsira da rai ba ya tsayawa sauke firam daga bango, wanda ya sauke ma gilashin ne yake fara fashewa a hanya ya yanke hoton. Ke nan abin da ya tsira kaɗan ne, yana warwatse a hannun iyalai a cikin gari da Kaduna da Zariya. Kusan kowane ɗalibi yau yana da waya mai kyamara a aljihu. Ina roƙon Ƙungiyar Hausa ta ɗora wa 'ya'yanta na wannan yanki aikin hutu: su nemi izinin dattawa, su ɗauki hoton duk wani tsohon hoto da takarda, su rubuta sunan wanda ke ciki da garinsu da shekarar da ake zato tun masu sani suna da rai, a ajiye kwafi a sashenmu. Wanda zai ɗauka ta bayan gilashi kuma ya kashe fitilar wayar, ya fitar da firam ɗin inuwa, ya sa baƙar riga ko ya tare bayansa da baƙin zane. In ya ga hoton ya riga ya manne da gilashin, kada ya yi ƙoƙarin ɓamɓarewa, ya ɗauke shi a yadda yake.